Kwamanda Garbai da Dawar Mama Selina

Duk wanda ya zauna a Lamorde ya san Garbai, ko da bai so ba. Iyayensa daga Borno suka zo Mubi da fataucin busasshen kifi, shi kuma ya gaji teburin amma bai gaji haƙurin zama a bayansa ba. Kullum yana bakin shagona, inda nake ɗinki, yana ba mutane labarin jarumtarsa. A cewarsa, ranar da 'yan bindiga suka shigo gari aka watse, shi ne mutum na ƙarshe da ya fita, bayan ya tabbatar kowa ya tsira. To ni Munzali tela ina cikin na farkon fita, kuma da na isa bakin iyakar Kamaru da ƙafafuna a kumbure, Garbai na tarar zaune a gindin bishiya, har ya sha shayi ya wanke kofi. Ban taɓa tona masa ba. Yau dai zan tona, don ya ƙure ni.

Shekara biyu bayan an dawo gida, damina ta ɗauke da wuri, ciyawa ta bushe ƙayau tun ba a gama girbi ba. Masu rediyo suka ce sauyin yanayi ne, kuma wutar daji za ta ƙaru. Sai aka ji gwamnati ta ware kuɗi don horar da masu kashe wutar daji da saya musu kayan aiki. Kowace mazaɓa ta tura mutum ɗaya Yola, kwana biyar. Duk mai hankali a unguwarmu yana gona yana yankan dawa, saboda haka aka duba wanda ba ya komai. Ba a sha wahalar nema ba.

Garbai ya dawo da jar hular kwano a kansa, takalmin roba da ya fi ƙafarsa, da usur a wuya. A bayan motar da ta sauke shi akwai wasu huluna biyar, injinan feshi na goyo guda biyu, faifan roba masu dogon mariƙi na bugun wuta, jar silindar kashe gobara ɗaya, da takardar shaida a cikin gilashi.

Na ce, "Sannu da hanya, Garbai."

Ya ce, "Kwamanda."

"Na'am?"

"Kwamanda Garbai. A Yola ma haka malaman suke kirana. Kwana na biyu suka ce in daina amsa tambaya, in bar wa sauran su koya."

Babban abin kuma yana gaba, in ji shi. Akwai keken ruwa mai ƙafa uku, da tanki da injin feshi, guda ɗaya tak. Bayan mako biyu jami'i zai zo daga Yola ya ga gwajin Lamorde da na Gude da na Muchalla, wadda ta fi ƙwarewa ita za ta ɗauka. Garbai ya riga ya zaɓi inda zai riƙa ajiye keken, a ƙofar gidansa.

Ya haɗa runduna ta mutum biyar. Ni ɗinkin rigunan ruwan lemo kawai ya kawo mini, ina miƙa masa su ya ce in gwada ɗaya a gani, shi ke nan na zama mataimaki. Akwai kuma Adi, wani ƙaton mutum mai turin kurar ruwa, wanda bai taɓa yin tafiya biyu a inda ɗaya za ta isa ba. Kayan gwamnati kuwa Garbai ya hana mu taɓawa. Ya ce jami'i zai so ya gan su sababbi fil.

Horonmu na farko shi ne yadda mutum zai faɗi ya yi birgima idan wuta ta kama rigarsa. Ya kai mu bayan unguwa, ya busa usur, muka zube. Filin ƙarangiya ne. Matata ta yi yini guda tana cire mini, tana tambayata ko gwamnati ta san da wannan.

Washegari muna zaune wurin Sali mai shayi, wutar murhunsa ta ɗan yi sama. Garbai ya yi tsalle.

"Kowa ya ja baya!"

Kafin a ce wani abu ya fizge silindar ya saki. Farar hoda ta rufe murhu, burodi, ƙwai, da wasu dattawa biyu da ba su ci ba ba su sha ba. Bai saki maƙunnin ba sai da ta daina fita.

Sali ya share idonsa ya ce, "Garbai, wutar da nake dafa shayi ce."

"Yanzu kana ganinta?"

"A'a."

"To ka ga aiki."

Adi ya girgiza silindar ya ce kamar ba komai a ciki, ko za a kai a cika? Garbai ya yi masa kallon wanda bai je Yola ba. Ya ce ba a cika ta, jingine ta ake yi a inuwa ta tara ƙarfi.

Yanzu bari in gaya muku wadda abin ya shafa da gaske. A ƙarshen unguwa, kan hanyar Gude, akwai gonar Mama Selina. Mijinta bai dawo daga gudun nan ba, jikoki uku kuma suna hannunta. Bara ta yi noma ta tara dawarta a gona, masu farautar gafiya suka saki wuta, cikin rabin awa komai ya zama toka. Waccan shekarar da kwanon maƙwabta suka ci ta, kuma Mama Selina mace ce da karɓa take yi mata ciwo. Bana ta yanke, ta ɗaure dami arba'in da biyu, ta tara su wuri guda kafin sussuka. Sannan ta ɗauki fartanya ta kankare ƙasa kewaye da tarin, faɗin taku goma, ko tsinke ba ta bari ba. Dawar nan ita ce abincinsu har wata kakar, babu wata a bayanta.

Nan Garbai ya ja mu.

"Sannu da aiki, Mama. Wannan sharar fa?"

"Ta wuta ce, ɗana. In ta zo nan ba ta samun abin ci, sai ta tsaya."

Garbai ya yi dariya ya gyara hula. "Haba Mama, ai wannan aikin da ne. Mu a Yola da majigi aka nuna mana a allo."

"A allon wutar ta tsaya?"

"Ta tsaya mana."

"To ka kai allon gonarka."

Bai ji komai ba, ya shiga bayanin shirinsa. Ya ce ya samu labari mutanen Gude da Muchalla ɗan tarin ciyawa za su ƙona a fili su watsa masa ruwa, wasan yara. Shi wuta ta gaske zai kunna a ciyawar da ke gefen gonarta, ta taso ta nufi dawar, hankalin jami'i ya tashi, saura taku ɗaya sai Kwamanda ya busa usur ya kashe ta.

Mama Selina ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ta ce, "Uwarka Amina mutuniyar kirki ce. Ban san inda aka yi kuskure ba."

Garbai ya garzaya wurin mai unguwa. Mai unguwa kuwa keken nan ya riga ya shiga ransa, ya zo da kansa yana lallashi, yana cewa don amfanin kowa ne. Da ta ga sun yi mata yawa, ta ce su kunna abinsu can nesa, amma kada wanda ya taɓa mata sharar da ta yi. Garbai ya dafa ƙirji ya rantse a gaban jama'a cewa ko ƙwaya ɗaya ba za ta yi baƙi ba.

Ranar Laraba, jajibirin gwaji, muka kafa wa baƙo rumfar zana a gefen gonar. A ciki Garbai ya jera huluna, injinan feshi, faifan roba da takardar shaida a kan tebur, kamar kayan lefe. Na ce to da me za mu kashe wutar? Ya ce da ruwa mana. Ya aiki Adi wurin Murtala mai sayar da fetur a bakin titi, ya aro jarkoki goma marasa komai, ya cika su da ruwa a mayo, wato rafi. Adi ya dawo da wuri yana murmushi.

"Kwamanda, Allah Ya rage mini wahala. Biyu a cike na same su."

"Ka ga alamar nasara," in ji Garbai.

Kada ku ce me ya sa ba mu shinshina ba. Duk jarkar Murtala warin fetur take yi, ko ruwan zamzam ka zuba a ciki.

Da la'asar Mama Selina ta tafi taron zumuntar mata a coci. Garbai ya tsaya yana kallon ƙasar da ta kankare, ransa a ɓace. Ya ce wannan filin zai lalata masa gwaji, don wuta za ta mutu da kanta, jami'i ya ce ba mu yi komai ba. Ya sa muka yi kura uku ta busasshiyar ciyawa da karmami, muka shimfiɗe a kan sharar har gindin dammunan.

Na ce, "Kwamanda, ta ce fa kada a taɓa."

"Ka je Yola?"

"Ban je ba."

"To baza."

Na baza. Wallahi har yau in na tuna, kunya ce take kama ni.

Ranar Alhamis da hantsi muka iso cikin rigunanmu, muka tarar da filin tas kamar an lashe. Mama Selina tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno, manjagara a gefenta. Bayanta mata ne kusan goma, har da Aisa matar Garbai, kowace da ɗanyen reshen dogonyaro a cinya.

Garbai ya ce, "Mama, ina ciyawata?"

"Na mayar maka. Ba na riƙe kayan mutane."

"Aisa, ke kuma me kike yi a nan?"

"Na zo kallon Kwamanda," in ji Aisa. "Na san aikinsa."

Bai samu damar tambayar inda aka mayar masa ba, don motar baƙo ta iso. Ni dai na lura bayan rumfar ya yi ƙiba, ciyawa tsibi har kusan rufi, amma mataimaki ba ya magana sai an tambaye shi.

Jami'in sunansa Malam Abdulwahhab, wani siriri mai ƙaramar murya da littafi a hannu. Duk unguwa ta fito. Sali ma ya ɗauko butarsa ya zo ciniki. Garbai ya yi jawabi na minti arba'in a kan sauyin yanayi, inda ya bayyana cewa rana ta sauko ƙasa da kusan taku bakwai tun lokacin kakanninmu. Malam Abdulwahhab ya ɗaga biro, ya yi tunani, ya mayar da shi aljihu.

Ya ce, "Malam Garbai, ina iska ta nufa?"

Garbai ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya nuna gabas. A daidai lokacin iskar tana jan rigarsa yamma, wajen dawar da rumfar.

Mama Selina ta ce, "Ɗana, rana ta take. Yanzu iskar dutse take saukowa. In dole sai ka kunna, bari sai yamma ta yi sanyi."

"Mama, a bar wa masu ilimin abin."

Ya ƙyasta ashana. Da fari wutar ta yi kamar ba ta so. Adi ya ɗaga jarka, Garbai ya ce a dakata ta girma, kada baƙo ya raina mu. Ta girma kuwa. Iskar dutse ta sauko ta same ta, sai ga harshenta ya wuce tsayin mutum, tana ƙara tana tafiya. Garbai ya busa usur, ya rungumi silindar da ta yi mako guda tana tara ƙarfi a inuwa, ya durƙusa da gwiwa ɗaya yadda baƙo zai gani sosai, ya matsa. Ta yi wani ɗan fis, kamar atishawar akuya.

Ya girgiza ta ya sake matsawa. Wannan karon ko atishawar babu.

"Ruwa! Ruwa!"

Muka shiga kwarara. Jarka takwas suka tafi, wutar ta ɗan ja da baya kamar za ta ji magana. Adi ya kinkimo ta tara. Garbai ya ga nasara ta kusa kuma ba a hannunsa ba, ya fizge jarkar ya ce a matsa, bugun ƙarshe na Kwamanda ne. Ya buɗe murfin, ya juya ta sau biyu, ya cilla ta gaba ɗaya tsakiyar wutar.

Ƙarar da ta tashi, an ce har kasuwar shanu an ji.

To, a Mubi ta wancan lokaci ba a tambayar ƙara. In ka ji dum, ka ga baƙin hayaƙi ya miƙe, ƙafarka ce take yanke shawara, kai sai dai ka bi ta. Cikin ƙiftawar ido fili ya watse. Mai unguwa ya tattare babbar riga ya nufi dutse. Sali ya bi shi da buta tana tafasa. Direban baƙo ya ja mota ya bar ubangidansa a tsaye. Ni ma na ruga, ba zan ɓoye ba, kuma ina ganin na iya gudu sai wani abu ja ya wuce ni kamar an harbo shi. Takalmin roba ɗaya ya cire ya bugi ƙirjina. Ko waiwaye Kwamanda bai yi ba.

Bugun takalmin ne ya tsayar da ni. Na laɓe bayan wata tsamiya na waiwaya.

Wutar ta rabu biyu. Ɗaya ta nufi rumfa, ɗaya ta miƙe sak wajen dawar. Matan nan ko ɗaya ba ta gudu ba. Mama Selina ta miƙe ta ce, "Gefe da gefe! Kada wadda ta tsaya a gabanta!" Suka rabu gida biyu suna bugun bakin wutar da rassan dogonyaro, suna matse ta. Aisa ta ja jarka ta goma can nesa, ta shinshina, ta ce, "Na sani." Malam Abdulwahhab ya duba hagu ya duba dama, ya ajiye littafi, ya cire hula, ya karɓi reshe a hannun wata tsohuwa ya shiga layi. Da na ga baƙo yana bugu ni ina bayan tsamiya, sai na fito na karyo nawa.

Wutar ta iso bakin sharar da ƙarfinta, zafinta yana dukan fuska. Ta lashi ƙasa, ta bi gefe tana nema, ba ta samu ko tsinke ba. Tartsatsi biyu suka tsallaka suka faɗa kusa da dammunan, Mama Selina ta take su da ƙafa. Daga nan wutar ta kwanta, sai hayaƙi.

Ta wajen rumfa kuwa ta samu kura uku ta ciyawar Kwamanda tana jiranta. Ba a ma yi yunƙurin zuwa ba. Muna tsaye muna kallo huluna biyar suka narke suka haɗe wuri guda, injinan feshi suka lanƙwashe, gilashin takardar shaida ya fashe. Kayan dai sababbi fil suka tafi, ba wanda ya taɓa su.

Mama Selina ba ta ko kalli rumfar ba. Ta zagaya tarin dawarta tana dafa kowane dami da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai na arba'in da biyu sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zani. Matar da ban ga hawayenta ba ko a hanyar Kamaru, ranar na ji kukanta. Aisa ta zauna kusa da ita ta riƙe mata hannu, mu maza muka rasa inda za mu sa idonmu.

Malam Abdulwahhab ya ɗauki littafinsa, ya auna sharar da ƙafa, taku goma, ya rubuta. Ya tambayi wanda ya koya mata. Ta ce uwarta. Ya ce ko za ta zo Yola ta nuna wa 'yan horo na gaba? Ta ce tana da sussuka, in suna so su zo su gani, fartanya kawai za su riƙo. Keken ruwa kuwa Muchalla aka kai.

Bayan la'asar mutane suka fara saukowa daga dutse ɗaya-ɗaya, kowa yana cewa shi dama yara ya bi ya dawo da su. Murtala ya iso yana neman jarkokinsa biyu na fetur, aka nuna masa ɗaya, aka nuna masa sama. Garbai ne na ƙarshe. Takalmi ɗaya, babu hula, babu gira ko ɗaya. Ya tsaya ya dubi tokar rumfa, ya dubi dawar, ya gyara murya.

"To, alhamdu lillahi. Na ce ko ƙwaya ɗaya ba za ta yi baƙi ba. Ta yi?"

Ya shafa gurbin girarsa, ya ci gaba.

"Dutse kuwa da kuka ga na hau, ƙa'ida ce. Kwamanda daga sama yake duba alƙiblar wuta."

Aisa ta ce, "Ka duba ta da kyau. An ce sai da ka kusa Gude."

Mama Selina ta miƙe ta kakkaɓe zaninta. A hannunta akwai usur ɗinsa, wanda ta tsinta a inda ya fara gudu. Shi kaɗai ya rage da sauran amfani cikin kayan gwamnati. Ta rataya masa a wuya da kanta, ta gyara igiyar.

"Riƙe wannan, ɗana. Daga yau in ka ga wuta, ka busa da ƙarfi, sannan ka gudu."

Garbai ya buɗe baki.

"Kada ka kashe," in ji ta. "Kada ka taimaka. Ka gudu kawai. Mu za mu zo."

Har ƙarshen ranin nan wuta ta tashi sau uku a bayan Lamorde, kuma ba ta ci damin kowa ba. Da an ji usur, mata sai su karyo dogonyaro su fito bakin hanya, su duba inda Garbai ya nufa, su bi ta inda ya fito.